Baba Salatif da Ƙwannafinsa

Tsoron ya fara kama Auta ne da tsakar rana, a gareji, tana riƙe da murfin kwano. Babanta yana zaune a kan tsohuwar taya, ya kai lomar shinkafa da ɗan yankan nama baki, ya tauna, ya haɗiye, sai ya tsaya cak. Bai yi tari ba, bai yi kakari ba. Ya dai miƙe wuya kamar zakaran da ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsa, ya dunƙule hannu ya daki tsakiyar ƙirjinsa. Ya ɗauki gora ya kurɓi ruwa, ruwan ya tafi ya dawo ta inda ya bi, ya juya ya tofar a bayan tayar.

"Baba, lafiya?"

Ya ɗaga mata hannu, wai ta dakata. Can sai ga wata doguwar gyatsa. Ya share ƙwalla da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatunsa.

"Bututu ne ya ɗan toshe, ya wuce," in ji shi. "Ummanku ce ba ta dafa nama, wuta kawai take nuna masa."

Ya ture kwanon, ko rabi bai ci ba. Da ya miƙe sai wandonsa ya nemi sauka ya bar shi. Ya zare bel, ya shimfiɗa shi a kan teburin aiki, ya ɗauki ƙusa da guduma ya huda sabon rami. A nan ne Auta ta ga bel ɗin da kyau. Ramukan kamfani suna can gefe a jere, sumul, an daɗe da barinsu. Bayansu ga na Baba, karkatattu, kowane da girmansa, suna ta matsowa ciki. Ta rufe kwanon.

Baba bakanike ne, kuma duk layin masu gyara babu wanda ke kiransa da sunan da aka raɗa masa. Salatif ake ce masa. Asalin sunan kuwa fitilun nan ne na gaban direba, waɗanda ke kamawa idan inji yana da ƙorafi. Mai mota zai zo hankali a tashe, ya ce jar fitila ta kama. Baba zai leƙa, ya tayar da motar, ya karkata kunne ya saurara.

"Tana tafiya?"

"Tana tafiya."

"Tana hayaƙi?"

"A'a."

"To fitilar ce ke da surutu."

Sai ya yanki baƙin salatif da haƙori, ya manna a kan fitilar, ya shafe da babban yatsa. Mai mota ya tafi da farin ciki. Ba wai Baba bai iya aiki ba ne. Yana iya sauke inji ya zube shi a ƙasa ya mayar, ko ƙusa ɗaya ba ta yi saura ba. Aƙidarsa ce dai haka: motar da ke tafiya ba a buɗe mata ciki. Wasu motocin sun yi shekaru da salatif ɗinsu lafiya lau, kuma su ake ba da labari. Waɗanda suka mutu a hanya aka jawo su da igiya, wannan kuma ƙaddara ce.

Ƙwannafi kuwa ya riga Auta zuwa gidan. Tun tana rarrafe take jin Baba yana cewa ƙirjinsa ya kama da wuta, wani ruwa mai tsami yana taso masa har maƙogwaro. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga yadda yake cin abinci. A tsaitsaye yake ci, kamar za a ƙwace. Sai mai ya kwanta a kan miya, sai barkono ya sa shi gumi, ya bi da shayi baƙi wuluk, sannan ko hannu bai gama gogewa ba ya ja kwalinsa ya shige ƙarƙashin mota ya kwanta rigingine. Abinci bai gama neman wurin zama ba an kwantar da shi. Daga ƙarƙashin motar ake jin gyatsarsa, har abokan aikinsa kan ce salansar wa ta fashe.

Maganinsa yana cikin akwatin kayan aiki, tsakanin sifanu: kwalbar farin maganin nan mai kauri kamar an dama alli, duk jikinta shatin yatsu na baƙin mai. Ba ruwansa da cokali, da baki yake kafawa. Mai kemis na bakin titi ne ke kawo masa, kuma abokai ne na ƙut da ƙut. Shi mai kemis bai taɓa ce masa ya je asibiti ba, shi kuma Baba bai taɓa buɗe injin motar mai kemis ba, wadda gabanta ya sha salatif har ya zama kamar fuskar wanda ya yi haɗari. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa irin aikin da ya iya.

A gida ma ƙwannafin yana da matsayinsa, kamar wani dattijon da ake zaune da shi. Idan Baba ya yi faɗa, Umma ta ce a yi haƙuri, ƙwannafi ne. Idan ya ƙi zuwa gaishe da wani, ƙwannafi ne. Da wani ya gaya masa cewa ɗaga kan gado yana hana ruwan tsamin tasowa, sai ya zo da jak guda biyu daga gareji ya kafa wa gadon. Ya ɗaga shi har Umma ta riƙa wayar gari a can wajen ƙafafu, ta zame kamar buhu a bayan tifa.

"Malam, ni dai ba ni da ƙwannafi," ta ce. "A sauke ɓangarena."

"Gado ɗaya ne, ba a yi masa giya biyu ba."

Haka Auta ta gama jami'a ta dawo ta tarar. Ta karanci ilimin abinci da gina jiki, ta fito da sakamako mai kyau, ta rarraba takardu ofis-ofis har takalminta ya cinye, shiru. Aikin da ya samu a ƙarshe shi ne kai wa Baba kwano gareji. Shi kuma ya sa mata Farfesa, yana kiranta haka a gaban kowa.

"Ku matsa, ga Farfesa da lakcar yau. Me aka dafa?"

Tun da babu ofishin da ke son iliminta, sai ta juye shi kaf a kan babanta. Ta rage mai, ta ɓoye barkono, ta hana shayi bayan abinci, ta kafa dokar a ci kaɗan-kaɗan, kuma a zauna tukuna kafin a shiga ƙarƙashin mota. Baba ya bi abin da ya ga dama, ya karya sauran. Amma sai ga abin mamaki: ƙunar ta fara lafawa. Kwalbar farin magani ta riƙa daɗewa ba ta ƙare ba, har mai kemis ya leƙo ya tambaya ko an yi sabon aboki ne. Tumbin da ke riga Baba shiga ɗaki ya fara ja da baya. Maƙwabta suka ce ya koma saurayi. Umma ta ce ashe dai karatun bai tafi a banza ba. Auta kuwa ta karɓi yabon hannu bibbiyu, don ta daɗe ba ta ji wani ya ce ta iya wani abu ba.

Ranar da ta ga bel ɗin, ta dawo gida ta rufe ƙofa ta ɗauki waya. Abin da ta karanta ba sabo ba ne, ta taɓa haddace shi don jarrabawa ta zubar a bakin ƙofar aji. Ƙwannafin da ya yi shekaru yana ƙona hanyar abinci yana iya barin tabo, hanyar ta tsuke. Yana kuma iya zama abin da ya fi tabo. Idan mai ƙwannafi ya fara jin abinci yana tsaya masa, yana kuma ramewa, ba a jira. Sunan ciwon da ke ƙasan shafin ta karanta shi sau ɗaya ta kife wayar.

Ta sami Umma a kicin tana yanka albasa.

"Umma, Baba fa ba ragewa yake yi ba, ramewa yake yi."

"Ke da bakinki kika ce ya rage tumbi."

"Ban ce ya rage wuya ba. Kin ga wuyansa kuwa? Abinci ma tsaya masa yake yi."

"Ki yi mana fatan alheri, Auta. Mutum ya samu sauƙi, ke kuma kina neman masa wani ciwon. Miƙo min gishiri."

Da ta tari Baba da maganar asibiti, dariya ya yi har da buga cinya.

"Farfesa, da wuta tana ci ban je ba, sai yanzu da ta mutu? Motar da ke tafiya…"

"Baba, kai ba mota ba ne."

"Da mota ce ni ai da na huta, da tuni na sayar na sayi wadda ba ta da 'ya mai digiri."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Auta ta koma tana ƙirga lomarsa da ido, tana kwana tana tashi da abin a ranta. Ita ma abincin ya daina shiga. Wata rana da safe ta ji ƙirjinta yana zafi, ta tsaya gaban madubi tana taɓa maƙogwaronta, sai da ta tuna ba ta ci komai ba tun jiya.

Wanda ya buɗe hanya a ƙarshe ko haƙori ba shi da shi. Matar Yaya, wan Auta, ta haihu watannin baya, namiji, kuma yaron ya zo da tumbuɗi na ban mamaki. Ya sha nono ya ƙoshi, a ɗaga shi, ya dawo da rabi a kafaɗar wanda ya ɗauke shi. Babu rigar da ta tsira a gidan. Uwar ta rame da damuwa, yaron kuwa sai ƙiba yake yi yana dariya. Baba ya fi kowa murna.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! Wannan nawa ne. Abokina, kai ma bawul ɗinka yana yoyo ko?"

Har ya zo da ƙaramin jak zai kafa wa gadon jaririn. Nan matar Yaya ta ce, cikin ladabi, ita dai a bari ta ji daga bakin likita tukuna. Yaya yana wurin aiki. Baba kuwa bai yarda da tuƙin kowa ba in dai jikansa na cikin mota, don ya san abin da ke ƙarƙashin salatif ɗin rabin motocin garin. Ya ce shi zai kai su. Umma ta ɗauki mayafi. Auta ta riga kowa shiga mota.

Likitar yara mace ce mai sanyin murya, da tabarau a kan hanci. Ta sa aka ɗora yaron a sikeli, ta duba katinsa, ta danna cikinsa, yaron ya saka mata da tumbuɗi a hannun riga. Ko a jikinta.

"Yaronku lafiyarsa ƙalau," ta ce wa uwar. "Ƙofar cikinsa ce ba ta gama ƙwari ba, yawancinsu suna dainawa da sun fara zama da tafiya. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki sa shi ya yi gyatsa, ki riƙe shi a tsaye bayan ya sha. In zai yi barci, a kan bayansa, a shimfiɗa madaidaiciya."

"Ba a ɗan ɗaga masa gadon?" in ji Baba. "Ina da jak."

"Kana da me?"

"Jak. Nawa gadon ma da shi na ɗaga. Ai gado ya yi, likita, ni ne asalin ciwon. Tun kafin a haifi uban yaron nan nake fama."

"Na babba daban, Baba. Jariri ba a karkata masa gado, zamewa zai yi ya toshe numfashi. Mu abin da muke dubawa shi ne nauyi. Muddin yana ƙaruwa, wanki ne kawai matsalarku. In ya fara raguwa, ko yana ƙin abinci, to a dawo da gudu."

Auta ba ta taɓa tsinka babanta a gaban baƙo ba. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ba irin ta lakca ba ce, siririya ce.

"Likita, in babba ne yake raguwa fa? Kuma abinci yana tsaya masa a ƙirji, har ruwa ya dawo?"

Likitar ta sauke tabarau, ba ta dubi Auta ba, Baba ta duba, daga wuyan rigarsa da ya yi masa yawa har zuwa bel ɗin da jelarsa ta kusa zagayo baya.

"Baba, tun yaushe?"

"Yarinyar nan karatu ne ya yi mata yawa. Sau ɗaya ne nama ya…"

"Tun kafin a haifi yaron nan ne," in ji Umma.

Kowa ya juya. Umma tana kallon bakin mayafinta.

"Burodi ya fara bari, ya ce ya gundure shi. Sai na ga yana tsame nama yana ajiyewa gefe. Na riƙa yanka shi ƙanana, ina dafa shi har ya narke, ina tsinka miya, ina sa wa shinkafa ruwa. Naman da yake cewa ban dafa ba, likita, jariri ma zai iya haɗiye shi."

"Shi ne ba ki faɗa ba?" Auta ta ce.

"To ai yana ci," in ji Umma, a hankali. "Na ga yana ci."

Ashe gidan kowa da irin salatif ɗinsa. Likitar ta nuna babban sikelin da ke bakin ƙofa. Baba ya ce shi ba buhu ba ne. Ta ce ta sani, ya hau dai. Ya hau yana gunaguni, ya dubi allurar, ya ce sikelin yana buƙatar gyara, in an yarda ya zo da kayan aiki. Babu wanda ya yi dariya. Likitar ta rubuta takarda zuwa sashen manya, ta ce ba ta son a wuce makon nan, kuma ta miƙa wa Auta takardar, ba shi ba.

A hanyar dawowa, da suka kusa gida, sai Baba ya ce:

"An kawo yaro asibiti, an kama kakansa. Farfesa, aikinki ya yi kyau. Ga shi kin samu aiki."

Auta ta juya tana kallon titi, hawaye yana zuba, ta ƙi sharewa don kada ya gani a madubi.

Likitan manya ya ce za a zura masa siririn bututu mai ido ta baki, a leƙa hanyar abincin har ciki. Aka ce ya zo da safe bai ci komai ba. Baba ya shiga yana ba ma'aikatan labarin yadda shi ma yake leƙa tankin mai da tocila, har yana tambayar ko nasu bututun ana samunsa a kasuwa. Auta da Umma suka zauna a kan benci a baranda. Umma tana jan carbi, Auta tana karanta sanarwar wanke hannu da ke bango, ta kai ƙarshe ta sake farawa.

Da aka fito da shi ya yi laushi, idonsa ya yi ja, ba labari. Likitan ya kira su ofis, ya juya musu allon na'ura, ya nuna wani wuri a can ƙasan hanyar abincin inda ta tsuke, gefenta ya yi ja ya kumbura. Ya ce shekarun da ruwan ciki ya yi yana tasowa ne suka ci wurin. Zai iya zama tabo ne kawai, wanda ake buɗawa a ci gaba da shan magani. Zai iya kuma zama wani abu daban. Ya ɗebi ɗan nama daga wurin an aika ɗakin gwaji, kuma ba zai ce komai ba sai ya ga sakamako.

"Amma ai ƙunar ta daina," in ji Umma.

"Wani lokacin dainawar ba sauƙi ba ne, Hajiya. Wurin ne ya gaji da jin zafi."

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya karkata kai irin yadda yake yi idan yana sauraren inji. Da ya yi magana, muryarsa a dishe take.

"Likita, gaya min tsakani da Allah. Gyara ne, ko canji?"

"Mu jira sakamakon, Baba."

Ya koma gareji bayan kwana biyu, don ya ce zaman gida na masu digiri ne. Yanzu abin da Auta ke kai masa a kwano cokali ke ɗaukarsa, ba ya buƙatar haƙori. Yana sha a zaune a kan tayarsa, a hankali, kuma yakan daɗe bai ja kwalin ba. Mai kemis ya zo gaishe shi da sabuwar kwalbar farin magani a leda, ya ce shi dama ya daɗe yana son ya ce masa ya je a duba. Auta ta dube shi har sai da ya tuna ya bar shago a buɗe.

Ko a jiya wani ya kawo mota, jar fitila ta kama. Baba ya leƙa, ya saurara, ya tambaya ko tana tafiya, aka ce tana tafiya. Ya ɗauko salatif, ya kai shi baki zai yanka, ya ga Auta tana kallonsa.

"Mene ne? Wannan fitilar ce da gaske ke da surutu."

Ya manna, ya shafe da babban yatsa.

A asibiti sun karɓi lambar Auta, sun ce za su kira idan sakamakon ya dawo. Tana kwana da wayar a hannu, tana shiga wanka da ita a leda. Duk lokacin da ta yi ƙara sai Umma ta fito daga kicin da ludayi, Baba kuma ya yi kamar bai ji ba. Har yau ba su kira ba.